Hannun Esekia a Kan Ƙwallo

A wasan farko na kakar bana sau uku na jefa wa Esekia ƙyallen rawaya na hukunci, duk a kan laifi ɗaya.

Shi ne ɗan tsakiya na makarantar sakandaren Fagamoa a ƙwallon karo ta masu hular kwano, wato wanda yake duƙawa a kan ƙwallo, ya sake ta ta tsakanin ƙafafunsa zuwa baya, wasa ya fara. Shekararsa goma sha bakwai, faɗinsa ya kusa ƙofar coci, muryarsa kuwa sai ka matso kafin ka ji. Zai duƙa, ya ɗora hannu biyu a kan ƙwallo, sai ya tuna akwai babba tsaye a bayansa. Ni ke nan, alƙalin wasa. Sai ya ɗage hannuwan, ya ɗan juyo, ya sunkuyar da kai ya ce, "Tulou." Haka aka koya mana tun muna rarrafe. Ba ka juya wa babba baya, balle ka turo masa mazaunai, ba ka nemi afuwa ba.

Littafin dokoki bai san da wannan ba. Abin da ya sani shi ne, in an busa usur na shiri, ɗan tsakiya ya taɓa ƙwallo, to ba ya ɗage hannu biyu daga kanta sai da saki. Yana iya ɗan mirgina ta ya nemo ɗinki. Ba ya juya ta kai ya koma gindi, ba ya ɗaga ta, ba ya yin motsin da zai yi kama da saki. Zai dakata kaɗan, yadda kowa zai ga ya dakata, sannan ya wurga ta baya da motsi ɗaya. In ya saɓa, a mayar da ƙungiyarsa baya yadi biyar.

Yadi goma sha biyar ladabinsa ya ci musu a ranar. A karo na uku kocinsu, Malaki, ya cire hula ya maka da ƙasa.

"Uelese! Gaishe ka fa yaron nan yake yi!"

"Na ji. Yadi biyar."

"Shekara ashirin ka yi a ƙetare, can Oregon, abin da ka dawo mana da shi ke nan? Ana gaishe ka kana hukunci?"

Daga ranar sunana ya koma Mai Littafi, har a bakin matan da ke sayar da soyayyar ayaba a gefen fili.

Da aka tashi na kira yaron gefe. Mahaifiyata 'yar Fagamoa ce, don haka Kawu yake ce mini.

"Esekia, bayanka bai dame ni ba. Na ga waɗanda suka fi naka muni."

"To, Kawu."

"In hannunka ya sauka a kan ƙwallo, nan zai zauna. Abu biyu ne kawai za su raba ka da ita: ko ka sake ta, ko ka ji usur ɗina. Ba muryar Malaki ba. Ba tawa ba. Ko Fasto ne ya kira sunanka, kar ka ɗago."

"Ko Fasto?"

"Usur kaɗai."

"Usur kaɗai," ya maimaita, kamar yadda ake haddace aya.

Na faɗa masa fiye da abin da littafi ya ce, don in huta. Na kuwa huta. Wasa shida ya yi bayan nan, ban sake taɓa ƙyallena a kansa ba.

Mahaifinsa, Peleti, shi ne shugaban masu tsaron Sa a Fagamoa tun kafin in tafi karatu. Kullum in rana ta sunkuya zai sa farar riga da baƙin zani, ya ɗauki guduma, ya tsaya gindin bishiyar da muke kira ulu, wadda ke tsakanin coci da filin wasa, inda tsohuwar tukunyar gas take rataye. Bugun farko, kowa ya kama hanyar gida. Bayan minti biyar ya yi na biyu, an shiga Sa ke nan: duk inda kake ka zauna, ka yi shiru, gidaje suna addu'ar yamma. Na uku, an fita. Ina ɗan shekara tara ya taɓa kama ni ina fito a kan hanya tsakanin bugu na biyu da na uku. Bai dake ni ba. Kallona kawai ya yi, har yau kuma ban sake yin fito a garin ba.

Yana da babban ɗa, Vaea, wanda ya fi Esekia gudu da ƙarfi. Shekara uku da suka wuce Vaea ya makara a wajen atisaye, ya ratsa gari da gudu cikin Sa da hular kwano a hannu. Washegari Peleti ya kai wa Malaki hular da rigar da kansa. Malaki ya roƙa, shugaban makaranta ya roƙa, Fasto ma ya sa baki. Yanzu Vaea yana yanka kifi a masana'antar gwangwani.

Da Esekia ya nemi izinin shiga ƙungiya, magana ɗaya uban ya yi masa: "Ranar da ƙwallo ta sa ka karya Sa, ranar kun rabu da ita."

Kowa a gari ya san da wannan sharaɗin. Shi ya sa wasannin Fagamoa ƙarfe biyu da rabi ake fara su, a gama tun rana na sama.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe ne abin ya sauya. 'Yan makarantar Lalotoa ne baƙi, hanya kuma ɗaya ce tal a gefen teku. Motarsu ta faɗa bayan masu rakiyar gawa, ba wanda zai wuce gawa, sai da suka bi ta a hankali har maƙabarta. Huɗu saura kwata muka fara. Wanda ya ci zai tafi wasan ƙarshe a babban fili, wanda aka ci ya rataye hula. Esekia yana ajin ƙarshe. In sun faɗi, ya gama ke nan.

Ba zan ba da labarin wasan ba. Karo ne aka yi ta yi, irin wanda ake jin ƙararsa daga bakin ruwa. Da ya rage sakan huɗu, Lalotoa na da maki goma sha huɗu, Fagamoa goma sha biyu. Ƙwallo na hannun Fagamoa, yadi goma sha biyu tsakaninta da layin gola, agogo a tsaye domin mai ɗauke da ita ya fita gefe. Bugu ɗaya ta saman sandan gola, maki uku, sun ci.

Matsalar ita ce a tsibirin nan kowa karo yake so, ba mai son bugu. Mai bugunsu, Toese, siririn yaro ne da aka aro daga ƙwallon ƙafa. Iyakar ƙarfinsa yadi talatin, da iska a bayansa. Wannan bugun, in an haɗa da ja baya da zurfin gola, ashirin da tara ne. In aka ƙara yadi biyar, ko Toese ya cire ƙafar ya jefa ba za ta kai ba.

Malaki na tura Toese cikin fili sai tukunyar gas ta yi ƙara. Bugun farko.

Na duba agogona. Minti biyar sun ishi sakan huɗu. Haka na lissafa.

Yara suka jeru. Sai kocin Lalotoa, Fereti, ya nemi hutu, don ƙafar Toese ta yi sanyi. Haƙƙinsa ne, na ba shi. Suka dawo suka jeru, ya sake neman wani, na ƙarshe da ya rage masa. Na ba shi. Daga nan ya shigo yana cewa an ajiye ƙwallo gaba da taƙi ɗaya. Na nuna masa alamar, ya duƙa ya duba, ya miƙe a hankali yana dafa ƙugu. Sai kuma igiyar hular wani yaronsa ta tsinke. Ko da gangan aka yi duk wannan, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

Na busa usur na shiri. Suna da sakan ashirin da biyar su saki ƙwallo. Esekia ya taka gaba, ya buɗe ƙafa, ya duƙa, ya ɗora hannu biyu. Yadi bakwai a bayansa Lotu, mai tare ƙwallo ya kafa wa mai bugu, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa. Toese ya ja baya yana ƙirga taku, uku baya, biyu gefe. Lotu ya juya ya dube shi, ya fara miƙa hannu.

Tukunyar gas ta yi ƙara ta biyu.

Peleti agogonsa ya duba, bai dubi fili ba. Wannan na tabbatar, domin ina ganinsa ta gefen ido.

Mutum wajen ɗari bakwai ne a filin. Kafin ƙarar ta gama mutuwa duk sun zauna, kamar ciyawar da iska ta bi ta kai. Masu ganga suka rungume gangunansu. 'Yan wasa suka zauna a inda suke, suka cire hula. Lotu ya naɗe ƙafa. Toese ya zauna a kan alamar da ya yi da dunduniya don kar ta ɓace masa.

Usur na tsakanin haƙorana. Na ja numfashi zan busa, na ɗaga ido, sai muka haɗa ido da Peleti. Guduma na hannunsa. Kallon nan ne dai na shekara talatin da suka wuce. Na saki usur ya faɗo kan ƙirjina. Na ɗaga hannu biyu sama na giciya su sau uku, alamar na tsayar da wasa. Mai riƙe da agogo ya gani, ya gyaɗa kai. Na zauna a ƙasa.

Esekia bai zauna ba.

Yana nan yadda yake, ƙafa a buɗe, baya a shimfiɗe, kai a ƙasa, hannu biyu a kan ƙwallo. Ta tsakanin ƙafafunsa yana kallona a juye. Ya ga alamar da na yi. Na daddaɓa ƙasa da tafin hannu, ina nufin ya zauna. Ya gani. Idonsa ya sauka kan usur da ke rataye a wuyana, ya tsaya a nan.

Nan na gane lissafinsa. In ya saki ƙwallo, ya yi wasa cikin Sa a gaban idon ubansa. In ya ɗage hannu bai ji usur ba, yadi biyar, Toese ba zai kai ba. Ko ta ina, wannan ne wasansa na ƙarshe. Hanya ɗaya ya gani a tsakani, ita ce kar ya motsa.

Ni na san ba haka dokar take ba. Tun da na tsayar da wasa, yana iya miƙewa ya je ya sha ruwa ma. Amma ni na ce masa usur kaɗai, yanzu kuma ba halin busawa, ba halin magana, ba halin tashi in je in taɓa shi.

Daga gidan Fasto aka fara waƙar yabo, mata a gaba, maza suka shigo daga ƙasa. Gidan da ke kusa ya ɗauki tasa, na gaba ma haka, har gari ya cika da waƙoƙi daban-daban suna hawa kan juna. Teku na bugun duwatsu a bayan gola.

Na taɓa tsayawa a wurin da yake tsaye, ni ma ɗan tsakiya ne a zamanina. A wannan duƙawar, sakan arba'in ya isa bayanka ya fara ƙuna. A minti biyu cinyoyi kan fara rawa. Nasa sai a minti na huɗu suka fara. Na ga naman yana karkarwa a ƙarƙashin wando, daga gwiwa zuwa ƙugu, amma rawar ba ta wuce kafaɗa ba. Gwiwar hannu zuwa yatsu kamar an sassaƙa su da ƙwallon daga itace ɗaya.

Jemagu suka taso daga dutse, manya-manya, suka ratsa saman fili zuwa itatuwan mangwaro. Sauro ya zo, kamar kullum a wannan lokacin. Ina jin tas-tas a hankali daga cikin taro, mutane na kashewa a ɓoye. Ni kaina na sosa ƙafa. A damtsen Esekia na ƙirga bakwai a jere. Suka sha suka ƙoshi suka tashi da kansu, wasu suka maye gurbin.

Wani jan kare ya shigo fili, ya bi ta tsakanin yaran da ke zaune, ya zo ya shinshina ƙwallo, ya shinshina yatsun Esekia, ya lasa. Ya ɗan tsaya yana jiran a kore shi. Da ba a kore shi ba ya tafi.

A minti na bakwai rawar cinyar ta tsaya. Ban san yadda aka yi ba. Ni dai a iya sanina in ta fara ba ta tsayawa sai mutum ya faɗi. Ta tsaya cak, numfashinsa ya koma dogo, ina ganin haƙarƙarinsa yana buɗewa yana rufewa daidai da bugun teku. Idonsa a buɗe yake, amma ya daina kallon usur. Leɓensa na motsi. Waƙar gidan Fasto yake bi.

Sai ruwa ya sauko, irin na yamma da ke zuwa daga dutse ba sallama. Ba wanda ya tashi. Ruwan ya bugi bayansa ya rabu biyu, yana zuba ta kafaɗu da gefen hula. A Sa kai a sunkuye ake zama. Na duba taro, ban ga kai ɗaya a sunkuye ba. Tsofaffi, mata masu goyo, 'yan Lalotoa, kowa shi yake kallo. Amosa, ƙaton da Lalotoa ta ajiye a gabansa, wanda suka wuni suna karo, yana zaune kamu ɗaya da shi, baki a ɗan buɗe, ruwa na shiga bai sani ba.

Peleti ba ya yin bugu na uku sai waƙar gidan Fasto ta ƙare an yi amin. Ranar Fasto ya zaɓi mai baiti shida. Guduma na hannun uban, tukunya na gabansa, ɗansa na gaban idonsa. Da ya rage minti biyu ba wanda zai ce masa don me. Bai rage ba.

Minti goma sha biyu a agogona. Sannan ƙara ta uku.

Ba a yi ihu ba. Mutane suka miƙe a hankali, kamar masu fita daga coci. Ruwan ya tsagaita. Esekia na nan. Na kai usur baki, sai Peleti ya ɗaga mini hannu daga nesa, alamar in dakata. Ya rataye guduma, ya tako cikin fili da silifansa, farar rigar ta manne masa a jiki.

Fereti ya riga shi isowa.

"Mai Littafi, sakan ashirin da biyar ne doka ko? Ni a nawa ƙirgen an yi ɗari bakwai. Ina yadina biyar?"

"Na tsayar da wasa. Ka ga hannuna."

"Ban ji usur ba."

"Ba a saki ƙwallo ba, balle a kashe ta da usur. Alama ta isa. In so kake a riƙa busa usur cikin Sa, ga mai guduma nan tafe, ka gaya masa."

Fereti ya waiga. Ya gyara hula.

"Tambaya kawai na yi, ɗan'uwa," in ji shi, ya koma gefe.

Peleti ya iso. Ya nufi ɗansa. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya tsaya a gabana.

"Ɗan Sina," ya ce. Sunan mahaifiyata ke nan. "An buga Sa, yaron nan bai zauna ba. Ya kuma juya wa coci baya, a irin wannan tsayuwar. Littafinka ne ya ce ya yi haka?"

Malaki na bayansa yana yi mini alama da ido, yana gyaɗa kai da ƙarfi. In na ce e, laifi ya koma kan littafi, littafi kuma ba ɗan kowa ba ne.

"A'a, Baba. Na tsayar da wasa. A littafi yana iya zama."

Malaki ya dafe kai.

"Yana iya zama," Peleti ya maimaita. "Bai zauna ba."

"Ni na ce masa kar ya raba hannu da ƙwallo sai ya ji usur. Na ce ko Fasto ne ya kira shi."

"Ko Fasto."

"Haka na ce."

"To me ya hana ka busawa?"

"Kai ka kalle ni."

Ya dube ni sama da ƙasa. Daga baya ya juya, ya tattare zani, ya tsuguna a gaban ɗansa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya leƙa ƙarƙashin ƙirjin yaron. Ni ma na leƙa. Duk filin ya jiƙe ya yi baƙi, amma a nan akwai busasshiyar ƙasa, faɗin tabarmar jariri, gefenta a yanke tas kamar an bi da wuƙa. Ƙwallo na tsakiya, ko ɗigo babu a kanta. Ƙurar da ke gefenta ba ta nuna ta gusa ko da faɗin farce ba.

Peleti ya sa yatsa ya taɓa ƙurar. Ya dubi damtsen da sauro ya kumbura. Ya daɗe a tsugune.

"Shekara talatin da biyu ina buga tukunyar can," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma na kusa duk sun ji. "Muna zaunar da su ne domin in suna tsaye ba sa iya natsuwa. A zaunen ma fama ake yi. Kai ka sosa ƙafa sau biyu, ɗan Sina, na gan ka. Malaki ya tofar da yawu. Matar shugaban makaranta ta buɗe laima."

Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Yau mutum ɗaya ne ya tsare Sa a garin nan. Busa abinka."

Ya juya ya nufi gindin bishiya.

Na duƙa kusa da hular yaron.

"Ka ji, Esekia. Zan busa, ka miƙe ka warware jiki. In kana son tawul a kawo."

"Kawu." Da ƙyar na ji shi. "In na miƙe ba zan iya sake duƙawa ba. Yatsuna ma ba za su sake kamawa ba. A bar ni a nan."

Na yi tunanin littafi daga farko zuwa ƙarshe. Babu inda ya ce dole ɗan tsakiya ya miƙe.

"Ku jeru!" na ce wa sauran.

Suka sa huluna. Lotu ya goge hannu a cikin rigarsa, ya sa gwiwa a ƙasa. Toese ya tashi daga kan alamarsa, ita ma a bushe. Haske ya ragu, amma ana ganin sandunan gola, farin bututun ruwa ne da Malaki ya haɗa da kansa. Fereti ya ɗaga murya daga gefe, rabi da gaske rabi da wasa.

"Mai Littafi! Ka dai lura, doka ta ce sai ya dakata kafin ya saki!"

"Ya dakata," na ce.

Na busa usur na shiri.

Lotu ya miƙa hannu, ya buɗe yatsu. Ban ga lokacin da ƙwallo ta bar ƙasa ba. Na dai ji ta faɗa tafin Lotu da ƙara ɗaya, ɗinki na fuskantar gola, ko juya ta bai yi ba. Na yi alƙalanci a filaye masu fitilu da kujeru dubu goma, ban taɓa ganin saki mai tsabta irin wannan ba. Lotu ya kafa, Toese ya buga. Ta tashi ƙasa-ƙasa tana jujjuyawa, ta yi kamar za ta gaji, ta wuce saman bututun da abin da bai fi tafin hannu ba, ta faɗa cikin duwatsun bakin teku.

Alƙalan da ke ƙarƙashin sanduna suka ɗaga hannu. Goma sha biyar da goma sha huɗu. A nan ne aka yi ihun da aka riƙe.

Doka ta hana a afka wa ɗan tsakiya kai tsaye a lokacin bugu, domin kansa na ƙasa. Amosa bai buƙaci dokar ba. Ko yunƙurin tare bugun bai yi ba. Da ƙwallo ta tafi, Esekia ya fara kifawa gaba, sai Amosa ya sa hannu biyu ya tare shi ta kafaɗu, ya riƙe shi har 'yan ƙungiyarsa suka iso.

Suka yi ƙoƙarin miƙar da shi, bai miƙu ba. Bayansa ya ƙage, yatsu a lanƙwashe kamar har yanzu da ƙwallo a ciki. Mutum huɗu suka ɗauke shi yadda yake, biyu a hannu biyu a ƙafa, kamar ana fitar da tebur. Vaea na cikinsu, da takalman robarsa na wurin aiki.

Ina naɗe igiyar usur Peleti ya biyo ta gabana, guduma a kafaɗa.

"Na Asabar ɗin, a babban fili, ƙarfe nawa ne?"

"Ƙarfe ɗaya, Baba."

"Ku fara a kan lokaci. Ina da tukunyar bugawa in na dawo."

Ya wuce. Masu ɗauke da Esekia suka zo wucewa ta inda nake, hanyar ta matse saboda jama'a, sai suka juya shi, bayansa ya fuskance ni. Daga can ƙasa, cikin hular kwano, na ji muryar nan da sai ka matso.

"Tulou, Kawu."

Ƙyallen rawaya na cikin aljihuna. Na bar shi a can.